Silin waya a kafireto: rigimar da bidiyo ɗaya ya tayar a guruf ɗin 'yan babur na garinmu

Akwai wani guruf na WhatsApp da samarin garinmu masu babur suka buɗe, garin yana tsakanin Ringim da Gujungu ne a jihar Jigawa, bazan faɗi sunansa ba kuma bazan kama sunan kowa ba tunda duk waɗanda abin ya shafa suna nan ana haɗuwa dasu a masallaci. Yawancin 'yan guruf ɗin 'yan acaɓa ne, sai kanikawa da yaransu, sai irinmu masu babur na hawa kawai, sai kuma yaran da ko keke basu dashi amma in ana musun babura muryarsu tafi ta kowa tashi. Admin ɗin shine yaron dake da shagon caji a bakin tasha, shi keda sola, shi keda babbar waya, kuma a ƙofar shagonsa ne sabis yafi zama, to kusan duk bidiyon da zai shigo garin ta hannunsa yake bi. Wanda bashi da data sai ya zo da daddare a tura masa ta Xender ya tafi gida ya kalla.

Wanda bai san ƙauyukanmu ba bazai gane matsayin babur ba. Daga bakin kwalta zuwa ciki yashi ne, mota in ba ranar kasuwa ba bata shiga, to mai naƙuda babur, buhun riɗi babur, taki babur, akuya babur, har gawa ana ɗaurawa in ta kama. Da yawa daga cikin manyan 'yan tashar a birnin Kano suka fara sana'ar, da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kaiwa marigayi Sarki Ado Bayero, wasu suka koma Adaidaita Sahu, waɗanda basu samu ba suka tattaro suka dawo gida da baburansu. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya shine yafi yawa a tashar yanzu, ƙaramin inji ne mai kusan cc 100, giya huɗu, babu ruwa babu fanka, iskar tafiya ce kaɗai ke sanyaya shi. Ku riƙe wannan maganar ta iska domin nan gaba ita ce komai.

Da farko guruf ɗin nishaɗi ne zalla. Abin da akafi turawa shine tseren tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ailan, da akeyi tun 1907 akan titin gari na yau da kullum, ga gidaje ga katanga ga turakun wuta, zagaye ɗaya kusan kilomita 60, kuma a 2023 wani Bature Peter Hickman ya zagaye shi da matsakaicin gudun kusan kilomita 219 a awa. Sama da mutum 250 ne suka mutu a wannan hanyar tun da aka fara, amma kusan duk shekara sai anje. Sai MotoGP, gasar tseren babura ta duniya, inda ɗan Afirka ta Kudu Brad Binder ya taɓa kaiwa kilomita 366 a awa a filin Mugello na Italiya, da musun da baya ƙarewa tsakanin masu Rossi mai lamba 46 da masu Marquez mai 93 duk da Rossi ya ajiye tun 2021. Dattawan tashar su kuma tseren Dakar na cikin sahara suke so saboda yashi ne irin namu, akwai wani dattijo da yayi zaman Agadas shekaru, kullum sai ya tuna mana cewa a da ta can tseren yake ratsawa ta saharar Tenere kafin a ɗauke shi zuwa Kudancin Amurka a 2009, daga baya a kaishi Saudiyya a 2020. Abin dariyar shine za'a kalli Bature ya faɗi yana ta gungurawa ya miƙe ya kakkaɓe jiki ace kai wannan akwai asiri, alhali hular kwano ce da rigar fata, mu kuwa a duk tashar da wuya ka samu mai hular kwano, tun wancan lokacin na 2009 da 'yan Road Safety suka matsa har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka aka bar maganar.

Sai kuma bidiyon kanikawan Fakistan da Indiya da suke zaune a ƙasa da silifas suna farfaɗo da injin da ya mutu. Waɗannan yaran gareji suke bibiya, kuma gaskiya sun ƙaru dasu, akwai yaron da a nan ya koyi saitin bawul tun kafin maigidansa ya yarda ya taɓa.

Abin ya canja ne da maganar mai. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Tinubu yace tallafi ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta wuce 600, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu a gidan mai. Mu kuma bamu da gidan mai, a hannun 'yan bumburutu muke saya a kwalba, to sai ka ƙara nasu akai. Ɗan acaɓa ya ƙara kuɗin goyo fasinja ya koma tafiyar ƙafa ko ya jira amalanke, wanda babur ɗin ba nasa bane kuma dole ya kai balas da yamma ko anyi ciniki ko ba'ayi ba. Daga nan tsere ya ragu a guruf, bidiyon tsimin mai ya cika shi. Anyi na maganaɗisu da ake ɗaurawa a tiyon mai, wasu suka fasa tsofaffin lasifiku suka ɗaura, bai ƙara komai ba bai rage komai ba tunda fetur baya jin maganaɗisu. Anyi na babur mai tafiya da ruwa, wannan ko yaran basu yarda ba sosai. Duk waɗannan basu cutar da kowa ba shiyasa aka manta dasu.

Wanda ya kawo rigimar ya shigo ne cikin hunturu, bai kai minti ɗaya ba. Wani mutum ne a ƙofar shago, ya kwance kafireto, ya ciro babban jet, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da mai ke bi ta ciki, ya feɗe wayar lantarki ya zaro sili ɗaya na jan ƙarfe siriri kamar gashi ya zura a ramin jet ɗin ya lanƙwasa bakinsa, ya mayar ya ɗaure, ya zuba mai a 'yar kwalba mai tiyo, ya hau, sai aka nuno mitar babur da lambobi, sai ya ɗaga babban yatsa. Yana ta magana amma babu wanda yaji me yake cewa, har akayi musu ko Indiyanci ne ko yaren Fakistan, wani da ke ganin ya ƙoshi da finafinan Indiya yace cewa yake rabin mai zaka sha. Akan wannan fassarar aka tafi.

Wanda ya fara gwadawa wani saurayi ne ɗan tashar, yaron kirki wallahi, baya shaye-shaye baya ganganci, babur ɗin na wani Alhaji ne mai sayen riɗi da ya bashi akan yana kai balas har ya biya ya zama nasa. Bai iya kwance kafireto ba, sai ya samu babban yaron garejin dake bayan tasha bayan magariba maigidan ya tafi gida, ya bashi ɗan na shayi, suka haska da fitilar waya suka saka. Kwana kaɗan ya saki saƙon murya a guruf yana rantsuwa cewa kwalbar da take kaishi Gujungu ta tsaya yanzu tana kaishi ta juyo dashi rabin hanya. Nan fa layi ya kama, yaron garejin ya samu sana'ar dare, wasu ma da kansu suka riƙa yi a gida, kuma babu wanda ya tsaya tambayar kaurin silin, wani na wayar caja ya saka wani na wayar fanka, alhali ramin jet ɗin gaba ɗayansa bai kai milimita ɗaya ba ko ya ɗan kai.

Maigidan garejin baya guruf, wayarsa ƙarama ce mai tocila. Dattijo ne da ya fara da Vespa da Suzuki tun kafin a haifi rabin 'yan tashar. A bakin wani yaji, da safe ya tako har tasha yace, ku cire abin nan zai kashe muku inji. Wani yace, Baba ta yaya? Yace, ni nace ku cire. Ya juya ya tafi. Iyakar bayaninsa kenan.

A ganina a nan aka fara asarar, kuma laifin ba na yaran bane su kaɗai. Kanikawanmu na da sun tashi ne akan sani abin ɓoyewa ne, yaro zai shekara yana wanke sassa a fetur yana miƙo sifana ba'a taɓa ce masa ga dalilin kaza ba, in ya tambaya ace ya cika surutu. To yanzu ga wani a waya yana buɗe komai yana nuna maka a fili kyauta, ga kuma dattijo yana cewa ni nace, wa kake tsammani yaro ɗan shekara ashirin da balas ke jiransa zai bi? Kafin azahar guruf ya cika da saƙonni, wani yace Baba tsoro yake a daina kawo masa saitin kafireto, wani yace ai su tsofaffin nan basu san duniya ta cigaba ba, wani yace in da cutarwa da Indiyawan da suka ƙera babur ɗin basu yi ba. 'Yan kaɗan suka tare masa, su ma ba da hujja ba, cewa kawai suke babba babba ne. Sai da admin ya rufe guruf na dare ɗaya saboda an fara taɓa iyaye.

Sai akace a gwada a gani. Aka samu Boxer biyu, ɗaya mai sili ɗaya babu, aka zare tiyon tanki aka ɗaura kwalba da mai daidai wa daida, da sassafe ana sanyi, akan kwalta, kowa shi kaɗai ba kaya, admin yana bayan wani yana ɗauka. Mai silin ya wuce ɗayan da tazara mai kyau kafin ya mutu. Aka saka a guruf, aka tura gurufan Taura da Gumel, magana ta ƙare, Baba ya sha kaye. Babu wanda yace to a musanya, a cire silin daga wannan a saka a wancan a sake, babu wanda yace a ɗora buhu biyu a shiga yashi da rana, kuma babu wanda ya kwance fulogi ya duba bayan an dawo.

Bari in tsaya in faɗi abin da Baba ya sani bai faɗa ba, tunda daga baya ya faɗa da bakinsa. Inji ba mai yake sha zalla ba, haɗi yake sha na iska da mai, a ma'aunin nauyi wajen kashi 14.7 na iska akan kashi 1 na fetur shine daidai, kuma kafireto aikinsa kenan ya haɗa. Yana da hanyoyi uku, ƙaramin jet yana aiki ne a silo da ɗan taɓa totur, allura tana riƙe tsakiya, babban jet kuma shine mai iko in ka murɗe totur kusan ƙarshe. In ka zura sili a babban jet ka rage ramin, to a tafiyar lallaɓa akan kwalta bazaka ji wani abu sosai ba, sai dai babur ya ɗan rage ƙarfi kai ma ka rage gudu, mai ya ragu. Amma lokacin da injin yafi buƙatar mai, wato an ɗora kaya an shiga yashi ana giya ɗaya giya biyu totur a murɗe, a lokacin ne ka shaƙe masa wuya. Haɗin da mai yayi masa kaɗan yana sa inji zafi fiye da ƙima, domin shi kansa fetur ɗin da ke shiga yana ɗauke wani zafin, kamfani da gangan yake barin ɗan rara a sama saboda haka. Ga kuma babur yana tafiyar hawainiya a yashi iska bata bugun injin. Baƙin mai ya tsinke ya zama ruwa, fistin ya kumbura, bawul ɗin salansa ya fara ci.

To me yasa wasu suka ga amfani na gaske har suka rantse? Wannan ne wajen da yafi bani sha'awa a duk lamarin. Hunturu ne, ƙura ta toshe soson filta a yawancin baburan tashar, wasu tunda aka sayi babur ba'a taɓa wanke shi ba. Filta in ta toshe iska ta ragu, mai yayi yawa a haɗin, babur ya riƙa zuƙar mai yana baƙin hayaƙi, fulogi yayi baƙi ƙirin. Irin wannan babur ɗin in ka saka masa sili ka rage mai sai haɗin ya dawo kusa da daidai, ciwo biyu suka haɗu suka kashe juna, mai shi yaga mai ya ragu kuma babur bai yi zafi ba tunda ga sanyi. Da soson ya cire ya wanke da ya samu wannan sauƙin har da ƙari, ba tare da ya taɓa jet ba. Babur ɗin da akayi gwajin dashi ma da aka buɗe filtarsa daga baya ƙasar dake ciki sai ka shuka gero.

Shi kuwa saurayin nan na farko matsalarsa itace yana kula da babur. Saboda yana so ya zama nasa, baya wasa da juye, kuma da hunturu ya wuce ya cire filta ya wanke tas ya shanya ya mayar. Iska ta buɗe, silin yana nan. Bazara ta shigo, irin zafin watan Afrilu da yake haura digiri 40 a wajenmu. Ya fara jin babur yana tari a salansa in ya saki totur, yana wani ƙara ƙas-ƙas in ya hau tudu, zafin injin yana dukan ƙafarsa har ta wando, ya faɗa a guruf, akace masa man bumburutu ne an haɗa da kananzir ya canja wajen saye. Ranar wata Lahadi, ranar kasuwar Gujungu, ya ɗauko buhu biyu daga wani ƙauye can ciki da mai kayan a sama, tsakar rana, a tsakiyar yashi babur ya ƙulle, tayar baya ta tsaya cak suka zube. Allah ya taƙaita babu gudu, mai kayan ya gurje gwiwa shi kuma salansa ta ƙona masa ƙwauri. Kik ya ƙi motsi ko da an hau shi da ƙafa biyu. A amalanken shanu aka kawo babur ɗin gari.

Da aka kai garejin mutane suka taru kamar ana rabon taki. Baba bai ce komai ba ya kwance fulogi ya ɗaga, fari fat kamar an shafa masa alli, bakinsa har ya fara narkewa. Ya aika aka kwanto na wani babur da ba'a taɓa ba, ruwan ƙasa-ƙasa, ya kwanto na wani mai toshasshiyar filta, baƙi. Ya jera su uku akan benci. Sannan ya buɗe injin, fistin ya kama jikin silinda ya yi masa zane, ringi ya manne, bawul ya ƙone gefe. A ranar ne, ina jin saboda ranshi ya ɓaci, yayi bayanin da bai taɓa yiwa yaransa ba, tun daga jet har iska, yana yi yana nuna yaron nasa da sifana yana cewa, kai da na raina a nan kaje ka koyo a wajen wanda baka jin yarensa. Yaron yana tsugune yace, Baba ai da na tambaya cewa kayi in bari sai na girma. Wajen yayi tsit na ɗan lokaci. Admin yana gefe yana ɗauka a waya.

Bayan wannan an samu wasu baburan da suka zo da ƙonannen bawul ko suka fara shan baƙin mai, amma nasa ne kaɗai ya ƙulle gaba ɗaya. Yawanci a daren suka zare silin ba tare da sun faɗawa kowa ba.

Sai maganar wa zai biya, wadda ta fi gyaran kanta wahala. Kayan da za'a saya, fistin da ringi da bawul da gasket da kuma kai silinda birni a gyara ko a sayi sabuwa, kuɗin sun kusa balas ɗin wata guda, ga kwanakin da babur zai yi a kwance. Alhaji yace shi lafiyayyen babur ya bayar kuma ba'a nemi izininsa ba kafin a taɓa inji, gaskiyarsa. Saurayin yace shi neman yadda zai cika balas yake, kuma ba da hannunsa ya saka ba. Yaron gareji yace shi abin da aka ce ya saka ya saka. Wasu suka ce admin ne ummul'aba'isin tunda shi ya kawo bidiyon kuma shi ya ɗauki gwajin ya yaɗa. Aka zauna a gaban ciyaman na tasha da mai unguwa bayan la'asar. Wani malami dake wajen ya kawo hadisin nan dake cikin Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da yaji. Admin yace, Allah gafarta Malam ai ba ƙarya na tura ba, man ya ragu kowa ya gani, kuma ni ban ce kowa ya saka ba, yadda na samu haka na tura. Malam yace, to da ka tura ka san ƙarshensa? Yace a'a.

A nan ne wata magana ta fito da ba kowa ya sani ba. Ashe bidiyon da ya samu ya fi haka tsawo, minti kusan goma ne, shi ya yanke shi da kansa ya bar wajen saka silin da wajen ɗaga yatsa, saboda in ya tura dogo mutane basa buɗewa suna cewa yana cinye musu data, balle da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025 bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50. Aka nemo cikakken aka turawa wani ɗan garin da yayi karatu a Indiya. Ya saurara yace ba maganar rabin mai a ciki, mutumin cewa yake wannan na mai zuwa aiki ne shi kaɗai a cikin gari, kuma a ƙarshe ya kwance fulogi ya nuna yace in yayi fari a cire. Wato gargaɗin da Baba ya ƙi yin bayaninsa yana cikin bidiyon tun farko, a minti na takwas ko tara, inda almakashin admin ya bi ta kai. Mai fassarar finafinan Indiya dai tun ranar bai sake fassara komai a guruf ba.

Hukuncin da aka yanke, saurayin zai ɗauki rabin kuɗin kaya a ƙara masa a ƙarshen biyansa, Alhaji ya ɗauki rabi kuma ya yafe balas na kwanakin da babur ke kwance, wanda gaskiya ya kyauta domin ba dole bane akansa. Baba yace aikin hannu kyauta tunda a garejinsa akayi ɓarnar ko da baya nan, kuɗin da yaronsa ya tara na aikin dare kuma aka karɓa aka zuba a kayan. Yaso ya kori yaron, kawun yaron yazo har gida ya bada haƙuri ya barshi. Admin ba'a ɗora masa ko sisi ba, ciyaman yace in aka fara cin tarar mai turawa to duk tashar sai an biya tunda kowa ya tura. Ni dai har yanzu ina ganin an yi masa sauƙi, domin turawa daban yankewa daban, wanda ya zaɓi abin da za'a gani da wanda ba za'a gani ba ya wuce ɗan aike. Amma kuma na san ba da mugunta yayi ba, kuma mu ɗin nan da muke zaginsa mu ne bama buɗe abin da ya wuce minti ɗaya.

An saka doka a guruf cewa duk bidiyon da ya shafi taɓa inji sai an turo shi cikakke, kuma sai an kaiwa Baba ya gani. Tunda bashi da babbar waya yaron nasa ne ke nuna masa da safe, shi kuma yayi magana a ɗauka a murya a saka. Wani lokacin yace wannan gaskiya ne, kamar na duba iskar taya, domin 'yan tashar suna rage iska saboda yashi sannan su hau kwalta a haka su yi ta ƙona mai, da na shafawa sarƙa mai da ɗaure ta daidai, da na birkin baya da ke kamawa ba'a sani ba, da na kafireto mai ɗiga in babur na tsaye. Wani lokacin yace shirme ne, kuma yanzu yana faɗin dalili, ko da a taƙaice ne cikin faɗa. Ba kowa ke bin dokar ba. Akwai mutum biyu-uku da har yau silin na cikin baburansu, masu zuwa gona su kaɗai da safe, sunce su basu ga komai ba, kuma mai yiwuwa bazasu gani ba muddin basu ɗauki kaya ba ko basu wanke filta ba.

Bidiyon fulogi uku da admin ya ɗauka a garejin an saka shi a guruf, an tura waɗancan gurufan na Taura da Gumel da aka turawa gwajin farko, amma bai yi tafiya ba, dogo ne kuma dattijo ne ke faɗa babu kiɗa. Guntun kuwa yana nan yana yawo. Kwanakin baya ya sake dawowa garin ta wayar wani direba, an ɗora masa muryar Hausa ana cewa wani bakanike ne a Kano ya ƙirƙiro dabarar kamfanonin mai suna nemansa. Wani sabon shiga ya saka a guruf, admin ya goge cikin minti biyu, sai ga saƙon murya daga wani yaro yana cewa, haba Oga ka goge ban gama saukewa ba, dan Allah a turo min ta lambata.